Filin Idi da Darasin Sahu a Ƙasar Morai

Daga cikin al'adun da suka daɗe a Morai da maƙwabtanta na Talata Mafara da Bakura da Maradun, akwai mayar da fili na kowa da kowa wurin ibada na ɗan lokaci. Babban misali shi ne filin Idi. Duk tsawon shekara sarari ne a bayan gari, inda dabbobi ke kiwo, yara ke wasa. Sau biyu kawai yake zama masallaci, wato ranar 1 ga Shawwal da ranar 10 ga Zulhajji.

Asalin wannan yana komawa ga Madina, inda Annabi (SAW) ya riƙa fita fili domin sallar Idi tun shekara ta 2 bayan Hijira. Shi ya sa Malikiyya, mazhabar mutanen ƙasar nan, ta fifita fili a kan masallaci, in ban da a Makka.

Abin da ake buƙata kaɗan ne. A share wurin, a shata sahu yana fuskantar alƙibla, a kafa sanda gaban liman ta zama sutura. Ba kiran salla, ba iƙama, raka'a biyu ce sai huɗuba. Haka nan manoma a gonakin noman rani na Bakolori, da 'yan kasuwar Mafara ranar Talata, sukan jera duwatsu ko su shimfiɗa buhu, nan take wuri ya zama masallaci.

Hikimar tana cikin sahu. A ƙa'ida, wanda ya riga zuwa shi ke gaba. Attajiri da ɗan ƙodago kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa, goshinsu ya taɓa ƙasa ɗaya. Zakkar fidda kai ma, mudun Annabi huɗu, ana fitar da ita kafin salla domin talaka ya zo fili da kwanciyar hankali.

Sai dai a garuruwa da yawa akan keɓe sahun gaba da dardumomi domin sarakuna da manyan ma'aikata, a mayar da wanda ya yi sammako baya. Girmama shugaba wajibi ne, amma yana da muhallinsa: hawan salla da gaisuwar fada. Ya kamata malaman makaranta da dattawa su nuna wa yara wannan bambanci, domin idan aka saba da sahu mai hawa-hawa, darasin filin ya ɓace ko da filin yana nan.