Shanyewar Ƙafafun Ɓeran Masar: A Fara Duba Abin da Yake Ci

Masu kiwon ɓeran Masar sun san wata matsala mai tayar da hankali. Za a kwana da ɗan ɓera yana guje-gujensa lafiya lau, gari ya waye a tarar yana jan ƙafafun baya, in an taɓa shi ya yi tsuwa saboda zafi. Wasu kan ce shan inna ce, wasu su ce sanyi ne ya shige shi, wasu kuma su garzaya kemis neman kafso. A ganina duk an tsallake wurin da ya kamata a fara bincike, wato abincin dabbar. A ɗan ɓeran da bai gama girma ba, abin tuhuma na farko shi ne ƙarancin bitamin C, cutar da likitoci ke kira sikabi.

Dalilin yana cikin halittarsa. Akuya da tunkiya da zomo jikinsu ne ke ƙera musu bitamin C, amma ɓeran Masar, wanda asalinsa tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, hantarsa ba ta da sinadarin da ke kammala wannan aiki. A nan ya yi tarayya da ɗan Adam: abin da ya ci kawai ya samu. Wannan rauni nasa ne ya ba shi matsayi a tarihin likitanci. A 1907 wasu likitoci biyu na ƙasar Norwe, Axel Holst da Theodor Frølich, suna binciken cutar beriberi, suka ciyar da ɓerayen Masar hatsi zalla, sai suka ga alamun sikabi sun bayyana, suka kuma ga ɗanyen kabeji yana hana ta. Da irin waɗannan ɓeraye aka tabbatar da bitamin C a 1932. Abin da likitocin suka yi da gangan, shi mai kiwo ke maimaitawa ba da saninsa ba duk ranar da rani ya ƙone ciyawa ya koma ba su dusa da tsabar dawa da busasshiyar harawa.

Me ya haɗa bitamin da ƙafa? Jiki na amfani da shi wajen gina kolajin, zaren da ke riƙe ƙashi da guringuntsi da jijiyoyin jini, kamar yadda ramno ke riƙe ƙasar gini. Idan ya yi ƙaranci, ƙananan jijiyoyi sukan fashe, jini ya taru a gaɓoɓi da ƙarƙashin tantanin da ya lulluɓe ƙashi, gwiwa ta kumbura. Ɗan ɓera ya fi shiga haɗari domin ƙasusuwansa na tsakiyar girma. Saboda haka sau da yawa ƙafar ba mutuwa ta yi ba, zafi ne ya hana shi taka ta. Akan ga dasashi na jini, gashi ya cukurkuɗe, cin abinci ya ja baya.

Wani zai ce ai cutar rashin abinci a hankali take zuwa, wannan kuwa dare ɗaya ta faɗo. Amsar ita ce jikin ɓeran ba ya tara bitamin C da yawa, cikin makonni biyu zuwa uku na rashinsa alamu kan fito. Ƙari a kan haka, dabba ce da ake farauta, ta saba ɓoye ciwo har sai ta kasa. Wani kuma zai ce abincin kanti yake saya. To, idan na zomo ne ko na kaji, ba a haɗa shi don wannan buƙata ba. Idan ma na ɓeran Masar ne, bitamin ɗin kan lalace cikin kimanin wata uku da sarrafawa, zafi da danshi kuma suna gaggauta lalacewarsa. Zuba shi a ruwan sha ma ba mafita ba ce: haske da iska suna kashe shi da sauri, ɗanɗanonsa kuma kan sa dabbar ta rage shan ruwa.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne cewa ba duk jan ƙafa ne sikabi ba, kuma gaskiya ne. Ɓeran da ya suɓuce daga hannun yaro, ko ƙafarsa ta maƙale a wayar keji, zai iya karya ƙashi ko ya ji rauni a laka. Idan an matsa yatsunsa bai janye ba, ko fitsari na zuba ba tare da saninsa ba, lamarin ya fi kama da raunin laka, kuma likitan dabbobi ne kaɗai zai tantance, wani lokaci da hoton ƙashi. Amma wannan bai rushe hujjar ba. Ba da bitamin C ba ya cutar da mai karaya, yana ma taimaka wa ƙashi ya haɗe, alhali jinkirta shi ga mai sikabi na iya kai shi ga mutuwa. Abin da ke kisa da gaske shi ne maganin kai-tsaye daga kemis. Fenisilin da danginsa, irin su amfisilin da amoksisilin, suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hanjin ɓeran Masar, masu guba su mamaye, zawo ya gama da shi cikin 'yan kwanaki.

Abin yi a bayyane yake. A keɓe mara lafiyar a shimfiɗa mai laushi, a matso masa da ruwa da abinci, a kai shi ga likita a ranar, domin ɓeran da ya daina ci hanjinsa kan tsaya. Lafiyayye na buƙatar kimanin miligiram 10 na bitamin C a kowane kilo na nauyinsa kullum, mai tasowa da mai ciki da mara lafiya kuwa har zuwa 30. Giram 100 na jan tattasai ko gwaiba na ɗauke da fiye da miligiram 100, don haka ɗan yanki ya wadatar, tare da ɗanyen ganye da ciyawa a kai a kai. Idan sikabi ce kuma an tare ta da wuri, akan ga sauƙi cikin mako ɗaya ko biyu. Wanda ya tsare dabba a keji ya hana ta zaɓen abin da za ta ci, hakkinta ya koma wuyansa, kuma a nan sauke hakkin bai wuce kuɗin tattasai ɗaya ba.