Gadar Jirgin Ƙasa Ba Ta San Dokar Kulle Ba

Ranar 23 ga Maris 2020 gwamnatin Birtaniya ta umarci jama'a su zauna a gida saboda annobar korona, kuma cikin 'yan makonni fasinjojin jirgin ƙasa suka ragu zuwa kusan kashi 5 cikin 100 na yadda aka saba. Hukumar Network Rail, wadda ke kula da layin dogo mai tsawon kusan mil 20,000 da gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa kimanin 30,000, ta tsinci kanta gaban tambaya mai wuya: a ci gaba da tura injiniyoyi duba gadoji, ko a bar su a gida har cutar ta lafa? Gwamnati ta sanya ma'aikatan sufuri cikin waɗanda aikinsu ya zama dole, aka ci gaba da fita. A ganina hukuncin ya yi daidai, domin lokacin annoba abin da ya kamata a sauya shi ne yadda ake duba gada, amma duban kansa bai kamata ya tsaya ba.

A Birtaniya duban iri-iri ne. Kusan kowace shekara mai duba yakan zagaya gada yana neman sabuwar tsaga, ko tubalin da ya goce, ko wurin da ruwa ke tsattsafowa. Bayan 'yan shekaru, galibi shida, sai a yi duba na ƙurilla, inda dole hannunsa ya kai ga kowane sashe: ya hau tsani ko ya rataya da igiya, ya kankare tsatsa ya auna kaurin ƙarfen da ya rage, ya ƙwanƙwasa gini da guduma ya saurara, don sautin wurin da ya rube ta ciki daban yake. Ginshiƙan da ke tsaye a kogi kuwa masu nutso ake turawa su lalube tushensu. Amfanin wannan aiki yana cikin jerinsa, domin sai an gwada rahoton bana da na bara ake gane ko tsaga na nan yadda take ko tana buɗewa. Shekarar da aka tsallake, an yi asarar ma'aunin.

Wani zai ce ai jirage sun ragu, nauyin da ke kan gadoji ya yi sauƙi, don haka jinkirin 'yan watanni ba zai cutar ba. Da nauyin jirgi ne kaɗai ke lalata gada, da maganar ta zauna. To jiragen kaya masu ɗauke da abinci da mai da magunguna ba su tsaya ba, kuma su ne mafi nauyi. Sannan babban abokin gabar gada ruwa ne, wanda ke zaizaye ƙasa da tsakuwa daga ƙarƙashin ginshiƙi a inda ido ba ya gani. Haka ta faru a Glanrhyd da ke yankin Wales ranar 19 ga Oktoba 1987, lokacin da ambaliyar kogin Towy ta cinye tushen gada, jirgin fasinja ya afka ruwa, mutum huɗu suka rasu. A ƙarshen Disamba 2015 kogin Clyde ya yi wa gadar Lamington ta Sikotland irin wannan ɓarna, har aka rufe babban layin da ya haɗa Landan da Glasgow kusan makonni bakwai. Watan Fabrairu 2020 kuwa, wata guda kafin kulle, shi ne Fabrairun da ya fi kowanne ruwan sama tun da aka fara ajiye lissafi a ƙasar. Ke nan an shiga kulle daidai lokacin da tushen gadoji ya fi bukatar a leƙa shi.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: ran mai duba gada ma rai ne, kuma a lokacin babu allurar rigakafi. Wannan gaskiya ce, sai dai ya kamata a lura da inda haɗarin yake. Gada a sarari take, iska na kaɗawa, ma'aikata kaɗan ne. Wurin kamuwa shi ne motar da mutum biyar ke cunkusa a ciki, da ɗakin cin abinci, da masauki, da kayan aikin da ke yawo daga hannu zuwa hannu. Maganin waɗannan ba ɓoyayye ba ne: rage mutane a mota, raba ma'aikata ƙananan rukunai da ba sa cuɗanya, ba da tazarar mita biyu, tsabtace kayan aiki, yin bayanin safe a fili ko ta waya, da biyan wanda ya ji alamar ciwo ya zauna a gida ba tare da tsoron rasa albashi ba. Amma akwai iyaka. Mai rataye da igiya yana bukatar wanda zai cece shi, mai aiki kusa da layi yana bukatar mai gadin da zai yi masa gargaɗin jirgi, kuma takunkumin fuska na iya danne murya ko ya sa gilashin kariya ya yi hazo. Duk matakin kare cuta da ya rage waɗannan mutane ya musanya haɗari da wanda ya fi shi saurin kisa.

Akwai kuma masu ganin ƙananan jiragen sama marasa matuƙa da na'urorin da ake maƙala wa gada sun wadatar. Suna da amfani ƙwarai: suna ɗauko hoton dogon ginshiƙi ba tare da an kafa tsani ba, na'ura kuma na iya sanar da ofis idan ruwa ya haura ko gini ya motsa. Sai dai kyamara ba ta kankare tsatsa, ba ta jin sautin guduma, ba ta gani cikin ruwa mai laka. Aikinta ta nuna inda ya fi dacewa a tura mutum.

Idan cuta ta kwantar da ma'aikata har aka kasa cika jadawali, hanya ita ce a jera gadoji bisa haɗarinsu. Tsohuwar gadar ƙarfe, da mai tushe a kogi, da wadda aka riga aka ga aibi a jikinta, su ne a gaba. Sabuwar gadar kankare mai kyakkyawan tarihi tana iya jira, da sharaɗin injiniya ya sa hannu, a rubuta dalili da ranar da za a rama, a kuma rage gudun jirgi inda ake shakka. Hatsarin Carmont a Sikotland, ranar 12 ga Agusta 2020, ya nuna muhimmancin wannan rubutu. Ruwan sama ya kwaso tsakuwa daga magudanar da ba a gina bisa tsari ba ya zuba kan layi, jirgi ya kauce, mutum uku daga cikin tara da ke ciki suka mutu. Masu bincike sun gano cewa ɓangaren sama na magudanar ya shekara bakwai ba a duba shi ba. Annoba ba ta haddasa wannan ba, amma irin giɓin da take iya ninkawa ke nan idan aka ɗage aiki ba a rubuta ba.

Don haka kowace hukumar jiragen ƙasa, har da mai kula da tsofaffin gadoji irin ta Makurɗi da aka buɗe a 1932 kan kogin Binuwai, ya kamata ta tanadi wannan tsari tun ana zaman lafiya: cikakken jerin gadojinta, da waɗanda ba za a taɓa ɗage dubansu ba, da ƙwararrun da za su maye gurbin wanda ya kwanta ciwo. Ranar da aka sanar da kulle lokaci ya ƙure wa mai fara wannan lissafi.