Daga 'Yandoto Zuwa Ƙaramar Sakandare: Sharuɗɗan Makarantar da Ke Buɗe wa Yaro Ido

Gabatarwa

A Gusau da Tsafe da Bunguɗu, kamar sauran garuruwan Arewa, makarantu masu zaman kansu kan liƙa kalmar "Intanashinal" a jikin allunansu, iyaye kuwa su biya kuɗi da fatan 'ya'yansu za su yi gogayya da takwarorinsu na duniya. Wannan maƙala ta duba abin da ke sa irin wannan makaranta ta ci sunanta, musamman a matakin ƙaramar sakandare, inda ake karɓar yara 'yan kimanin shekara 12 zuwa 15.

Muhimmancin Matakin

Tsarin 6-3-3-4 da Nijeriya ta fara aiki da shi a 1982 ya ware wa wannan mataki shekara uku, sannan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta mayar da shi tilas kuma kyauta. A cikin waɗannan shekaru ne yaro ke balaga, ya fara tambayar dalilin abubuwa, ya kuma fi sauraron sa'o'insa. A nan ne yawanci ake cire yarinya daga makaranta, ko yaro ya koma kasuwa da gona. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Darasi Daga 'Yandoto

Ƙasar Tsafe ba baƙuwa ba ce ga ilimin da ya ƙetare iyaka. Tun kafin jihadin 1804, garin 'Yandoto ya yi suna a matsayin cibiyar malamai da almajirai ke yi wa tattaki daga nesa. Littattafan Larabci ne, wasunsu an wallafa su a Masar da Magrib, amma da harshen gida ake warware wa almajiri ma'anarsu. Wato ilimin ya zo daga waje, fahimtar kuwa a gida aka gina ta.

Sharuɗɗa Huɗu

Na farko shi ne harshe. Shirin International Baccalaureate na 'yan shekara 11 zuwa 16, wanda aka soma a 1994, ya wajabta wa ɗalibi nazarin harsuna biyu aƙalla. Saboda haka makarantar da ke cin tarar yaro don ya yi Hausa ta saɓa wa tsarin da take kwaikwayo. Kamata ya yi Hausa ta ƙarfafa, Ingilishi da Larabci su hau kanta, a kuma ba Faransanci haƙƙinsa, tunda Zamfara na iyaka da Nijar.

Na biyu shi ne darasi ya taso daga abin da yaro ya sani. Gubar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010 darasi ce ta kimiyya, kuma hanya ce ta fahimtar yadda farashin zinariya a kasuwannin duniya ke taɓa ƙauye.

Na uku shi ne malami. Yaron da ya saba da malami ɗaya a firamare kan ɓace tsakanin malamai goma. Yana buƙatar babba guda da ya san sunansa da gidansu, wanda zai lura in ya yi fashi.

Na huɗu shi ne aminci. Bayan sace ɗalibai mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, da rufe makarantun jihar a wannan shekara, ya bayyana cewa manhaja kowace iri ce ba ta da amfani ga yaron da ke karatu cikin fargaba.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa kwamfuta da tufafin makaranta masu tsada ba su ne ma'auni ba. Uban da zai kai ɗansa makaranta ya tambaya: da wane harshe ake fahimtar da shi, wa ke lura da shi, kuma yaya tsaron wurin yake? Makarantar gwamnati a Tsafe da ta amsa waɗannan ta fi mai babban allo kusa da cika burin.