Saɓar Lobsta da Tsargiyar 'Ya'yanmu

Kwanakin nan wani tsohon labari ya sake dawowa a Facebook da WhatsApp: wai akwai wata halittar teku mai suna lobsta, babbar yayar jatan lande da ƙaguwa, wadda ba ta tsufa, ba ta mutuwa sai an kashe ta. Har a majalisun Tsiga da Bakori ana ta muhawara, wasu na cewa an kusa samo maganin tsufa. Zancen banza ne, amma yana da ɗan tushe. Lobsta ba ya daina girma muddin yana raye. A 1977 an kama wani a gaɓar Nova Scotia ta Kanada da ya haura kilo 20. Sai dai girman nan shi ne ajalinsa.

Ɓawonsa ba ya buɗawa, don haka dole ya yi saɓa kamar maciji. Yakan zuƙi ruwa ya kumbura, ɓawon ya tsage ta gadon baya, ya zare jikinsa duka, har da manyan hannuwansa ta 'yan ƙananan gaɓoɓi. Ƙarami yakan yi haka sau da yawa a shekara, babba sau ɗaya ko ƙasa da haka, tsoho kuwa ƙarfi kan ƙare masa ya mutu a cikin tsohon ɓawo. Masu kiwonsa don sha'awa a akwatin gilashi na ruwan gishiri, a Amurka da Turai, sun san wannan tashin hankali. Gishiri ya yi kaɗan, ko ruwa ya yi zafi, ko ƙazanta ta taru, ko kalsiyam ya gaza, sai dabbar ta maƙale rabi ciki rabi waje. In ta fita lafiya ma jikinta laushi ne, 'yar'uwarta na iya cinye ta idan babu maɓoya.

To ina ruwan manomin masara da wannan? Da ruwansa ƙwarai.

A 1986 aka kammala dam ɗin Diama a kusa da bakin Kogin Senegal, don hana ruwan teku hawowa gonaki. A kogin akwai wani babban jatan lande na ruwan daɗi wanda abincinsa ya haɗa da dodon koɗi, mai ɗaukar tsutsar tsargiya. Macen takan gangara bakin teku ta saki 'ya'ya, domin ba sa iya saɓarsu ta farko-farko sai a ruwa mai ɗan gishiri. Dam ya datse hanya, jatan lande ya ɓace, dodon koɗi ya yi ta hayayyafa. A 1988 tsargiya ta ɓarke a garin Richard-Toll, cikin 'yan shekaru ta kama yawancin mutanen garin. A 2015 Susanne Sokolow da abokan aikinta suka buga sakamakon gwajin da suka yi a ƙauyen Lampsar: sun mayar da jatan landen zuwa mashayar ƙauyen, dodon koɗi masu ɗauke da cutar suka ragu sosai, ƙwayayen tsutsar a fitsarin mutane suka sauka da kusan rabi idan an kwatanta da ƙauyen da ba a zuba ba.

Mu fa wannan cuta ba baƙuwarmu ba ce. Tun shekarun 1970 masu binciken cututtuka na Malumfashi, irin su Pugh da Gilles, suka yi rubuce-rubuce kan fitsarin jini a wannan yanki, aka ƙidaya yadda yara ke shiga dam ɗin Ruwan Sanyi wanka da kamun kifi. A daidai lokacin Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtua, wanda ya fara a 1975 da bashin Bankin Duniya, yake gina ƙananan madatsun ruwa. Mun sami noman rani, mun sami dodon koɗi. Har yau akwai ƙauyukan da ake ɗaukar jini a fitsarin yaro alamar balaga! A raba maganin farazikwantel a makaranta, yaro ya warke, mako na zagayowa ya koma ruwan nan.

Ba na cewa jatan lande zai maye gurbin magani, ko masai, ko famfo. Amma abin takaici ne a ce wanda ke kiwon lobsta ɗaya don nishaɗi ya fi mu damuwa da awon gishiri da kalsiyam, alhali wannan ilimin ne ake buƙata don ƙyanƙyasar jatan lande a tanki, a kawo shi Arewa bayan ya wuce matakin ruwan gishiri. Muna da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, da ta binciken teku a Legas, ga Jami'ar Ahmadu Bello a nan Zariya. Me ya hana Gwamnatin Katsina ta haɗa su a gwada a dam ɗaya tak, Mairuwa ko Gwaigwaye?

Manoma ma da nasu alhakin. Tun da tsutsar masara ta shigo Najeriya a 2016 feshi ya ƙaru, kuma wasu magungunan, kamar lufenuron, aikinsu shi ne hana tsutsa yin sabon ɓawo. Ƙaguwa da jatan lande ma da irin wannan ɓawon suke rayuwa. Mai wanke injin feshinsa a bakin dam ya daina, kuma malaman gona su fara faɗa wa mutane haka tun kafin damina ta kankama.