Likitocin Yoyon Fitsari: Aikin Da Ba Su Nema Ba Shi Ya Zama Rayuwarsu

A 'yan shekarun nan an cika gaya wa matasa cewa kowa ya nemi abin da ransa ke so, ya bi shi ido rufe, wai a can ne zai sami gamsuwa. Maganar tana da daɗin ji. Amma in mutum ya bi tarihin waɗanda suka yi aikin da ake tuna su da shi, sai ya tarar da yawansu ba sha'awa ce ta kai su ba, wata bukata ce ta jama'a suka iske a gabansu suka kasa kau da kai. Labarin likitocin yoyon fitsari ya isa misali.

Cikin 1959 ne Dokta Catherine Hamlin, mutuniyar Ostareliya, da mijinta Dokta Reginald Hamlin suka sauka Adis Ababa, babban birnin Habasha. Gwamnatin ƙasar ce ta ɗauke su aikin shekara 3 domin su kafa makarantar ungozoma. Kafin zuwansu ba su taɓa ganin mai yoyon fitsari ba, don kuwa a ƙasashen Turawa an daɗe da rabuwa da wannan lalura.

Masu karatu da dama sun san ciwon, amma ba kowa ya san yadda yake samuwa ba. Idan naƙuda ta yi tsawo, har kwana biyu ko uku, kan jariri sai ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa a jikin ƙashi. Jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, ya bar kafa. Galibi jaririn ba ya zuwa da rai, ita kuwa uwar sai fitsari ya riƙa zuba mata dare da rana. Daga nan sai ƙyama, sau da yawa har da saki, a ware ta a wani ɗaki ita kaɗai, alhali kuwa ba laifin da ta yi.

Irin waɗannan mata ne suka riƙa zuwa asibiti, wasu bayan tafiyar kwanaki a ƙasa. Mata da mijin suka koma ga tsofaffin littattafan fiɗa suna nazari, suna gwadawa, har hannunsu ya faɗa. Shekara 3 ta wuce ba su koma gida ba. A 1974 suka kafa asibiti na musamman domin masu wannan ciwo, inda ba a karɓar ko kwabo, kuma matan da aka yi wa magani tun daga farkon aikin sun haura 60,000.

A ganina, abin da ya fi ban sha'awa cikin labarin nan shi ne na Mamitu Gashe. Yarinya ce 'yar ƙauye da aka kawo musu a 1962, tana da kimanin shekara 16, bayan doguwar naƙuda ta yi mata illa. Da aka yi mata aiki sai ta zauna tana gyaran gadajen marasa lafiya. Sannu a hankali ta shiga ɗakin fiɗa tana miƙa kayan aiki, daga nan aka bar ta ta yi ɗinki, har ta zama gwanar da ke koya wa likitoci masu digiri, ita da ba ta taɓa shiga aji ba. To, wace sha'awa ce za a ce ta bi? Yarinyar da ba ta san akwai aikin fiɗa ba ai ba za ta yi mafarkinsa ba. Son aikin daga baya ya zo, bayan ta ga matan da suka iso suna kuka sun koma gida a bushe.

Dokta Reginald ya rasu a 1993. Makarantar ungozomar da ta kawo su kuwa, irin wadda suke buri, sai a 2007 matarsa ta buɗe ta, wato shekara 48 bayan saukarsu, domin ta gane cewa ƙwararriyar ungozoma a ƙauye ita ce rigakafin ciwon. Ta rasu a Adis Ababa cikin watan Maris na 2020 tana da shekara 96.

A nan gida Nijeriya ma an yi kusan haka. Dokta Kees Waaldijk, mutumin Holand, aikin kuturta ne ya kawo shi asibitin Babbar Ruga da ke Katsina a 1983. Da ya ga yawan matan da ke fama da yoyon fitsari babu mai yi musu aiki, sai ya juya ga wannan fanni, ya shafe shekaru masu yawa yana fiɗa a Katsina da Kano, yana kuma horar da likitoci da ma'aikatan jinya na ƙasar nan. Babbar Ruga, wadda a da aka san ta da kutare, daga baya Gwamnatin Tarayya ta mai da ita cibiyar ƙasa ta kula da masu yoyon fitsari.