Kalmar Annata a Giyar Inabin Italiya da Matsalar Fassara ta Zuwa Hausa

Mai fassara da ya ci karo da kalmar Italiyanci annata, wadda ke nuni ga shekarar da aka rubuta a jikin kwalbar giyar inabi, yana iya zamewa ya ce "tsohuwar giya". Wannan kuskure ne. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace ma'anar kalmar, tare da nuna cewa Hausa tana da gurbin da zai ɗauke ta. Giya haramun ce a Musulunci, kuma Jihar Zamfara ta hana sayar da ita tun da aka fara aiki da shari'a a 2000. Saboda haka nazarin ya taƙaita ga harshe.

Annata ta samo asali daga anno, wato shekara, kuma tana nufin kakar da aka tsinki inabin, ba daɗewar giyar a ajiye ba. Misali shi ne Tignanello, jar giya mai tsada wadda gidan Antinori na yankin Tuskani ya fara yi da inabin 1971. A yau ana haɗa ta da kimanin kashi 80 cikin ɗari na inabin Sangiovese, sauran kuma Cabernet Sauvignon da Cabernet Franc. Gona ɗaya ce, haɗin ma kusan ɗaya, amma ɗanɗanon yana sauyawa kowace shekara. Zafin rana yana ƙara wa inabi zaƙi, sanyin dare yana riƙe masa tsami, ruwan sama gab da tsinka kuwa yana rage masa ƙarfi ko ya ruɓar da shi. Shi ya sa a 2002, da ruwa ya yi yawa, ba a fitar da Tignanello ba.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Manomi a Bungudu ko Tsafe yana bambanta geron bana da geron bara, kuma ya san damina ce ke sa ƙwaya ta cika ko ta tsumbure. Mai sayen soɓorodo a kasuwar Gusau yana duba jansa da tsaminsa kafin ya haɗa shi da citta da kanumfari. Hausawa har suna suke raɗa wa shekara bisa abin da gona ta bayar ko ta hana, kamar yunwar 1942 da ake kira 'Yar Gusau.

Bisa wannan, ana ba da shawarar fassara annata da "kakar shekara", a ce misali "inabin kakar 2001". Kalmar kaka ta haɗa lokaci da amfanin gona wuri ɗaya, kuma ma'anar da "tsohuwa" ta zubar ke nan.