Da Wane Mudu Ake Auna Ɗan Takara?

Abin da kuka ji a rediyo ne muka kawo muku a rubuce, domin wanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana shi zama kusa da akwati ya samu ya karanta, ko a karanta masa.

TAMBAYA

Wasiƙar wannan mako ta fito daga wani manomi, mai cinikin hatsi kuma, a ƙasar Bichi ta Jihar Kano. Bayan gaisuwa, ya ce duk sa'ad da zaɓe ya ƙarato gardama ba ta yankewa a rumfarsu ranar kasuwa. Wannan ya ce ɗan takara kaza bai yi karatun da zai riƙe ƙasa ba, wancan ya ce ai na wajenku takardunsa na jabu ne, wani kuma ya ce dukansu kanwar ja ce. To, yana so ya ji abu 3: wane ilmi doka ta ce sai mutum yana da shi kafin ya nemi babban muƙami? Me ake yi wa wanda ya yi ƙarya a takardunsa? Sa'an nan su da ba su yi boko mai zurfi ba, yaya za su gane wanda ya shirya wa aikin?

AMSA

To, Malam, mun gode da wannan tambaya. Abu na farko, a rumfarku abubuwa 3 kuke zubawa a buhu ɗaya, watau takardar makaranta, da gaskiyar mutum, da kuma shirinsa na riƙon jama'a. Kowanne da mudunsa. Doka tana auna na farko, tana ɗan taɓa na biyu, amma na uku ku ta bar wa.

ABIN DA DOKA TA NEMA

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 131, ya kawo sharuɗɗa 4 ga mai neman shugabancin ƙasa. Ya zama haifaffen ɗan Nijeriya. Ya kai shekarun da aka ƙayyade. Ya zama ɗan wata jam'iyya, ita ce kuma ta tsayar da shi. Na huɗu, ya zama ya yi karatu aƙalla zuwa matakin gama sakandare, ko abin da ya yi daidai da wannan. Shekarun kuwa da 40 ne, amma a watan Mayu na 2018 aka sa hannu a gyaran da ya mai da su 35. Gwamna da sanata su ma 35 ne, ɗan Majalisar Wakilai da ɗan majalisar jiha kuma aka rage musu daga 30 zuwa 25.

Ka ji, babu inda aka ambaci digiri. Har ma sashe na 318 ya ƙara sassautawa, domin ya ce takardar malanta mai daraja ta 2 tana wadatarwa, haka takardar koyon sana'a ta City and Guilds. Kai, ko wanda takardar gama firamare kaɗai gare shi yana iya shiga, in dai ya yi aikin gwamnati ko na kamfani har shekara 10, ya halarci kwasa-kwasan da jimlarsu ta kai shekara 1, yana kuma iya karatu da rubutu da magana da Turanci gwargwadon da hukumar zaɓe ta INEC za ta gamsu.

Sai sashe na 137, wanda ya jera mutanen da ba su da izinin tsayawa. A ciki akwai wanda kotu ta hukunta a kan laifin rashin gaskiya cikin shekara 10 kafin zaɓen, da wanda bashi ya karya shi a gaban kotu bai fita ba, da ɗan ƙungiyar asiri, da ma'aikacin gwamnatin da bai ajiye aiki kwana 30 kafin zaɓe ba, da wanda aka riga aka zaɓa sau 2, da kuma wanda ya miƙa wa hukumar zaɓe takardar jabu. Ka riƙe wannan na ƙarshe, domin shi ne ya kawo mu tambayarka ta biyu.

SAKAMAKON ƘARYA

A watan Yuni na 1999, da mulki ya dawo hannun farar hula, 'yan Majalisar Wakilai suka zaɓi Alhaji Salisu Buhari daga Kano ya zama kakakinsu, watau mutum na 4 a jerin manyan ƙasa. Ba a yi wata 2 ba mujallar TheNews ta buga cewa digirin da ya ce ya samo a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada babu shi, shekarunsa kuma 29 ne ba 36 ba, alhali dokar lokacin 30 take nema. Da farko ya musanta. Daga baya, cikin watan Yuli, ya amsa laifinsa a gaban majalisa yana hawaye, ya sauka, marigayi Ghali Umar Na'abba ya hau kujerar. Kotu ta yi masa hukunci tare da zaɓin biyan tarar naira 2,000, bayan haka Shugaba Obasanjo ya yi masa afuwa.

Abin lura a nan, Malam, doka ba ta taɓa tambayarsa digiri ba. Shi ya ɗora wa kansa. Shekarun ma da suka gagare shi a lokacin, da yau ne ya wuce ƙa'ida da shekara 4. Ashe ba ƙarancin karatu ya kayar da shi ba, abin da ya rantse a kai ne alhali ba haka yake ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Wani lokaci kuma masu jefa ƙuri'a ne ke kwana a ciki. A Jihar Bayelsa, a zaɓen gwamna na watan Nuwamba 2019, David Lyon na jam'iyyar APC ya ci da ƙuri'u sama da 350,000. Ranar 13 ga Fabrairu 2020, ana gobe za a rantsar da shi, Kotun Ƙoli ta soke nasarar. Ba shi ne da laifin ba, mataimakinsa ne kotu ta samu ya miƙa wa hukumar zaɓe takardun da ba su inganta ba, sunayen da ke jikinsu suna saɓa wa juna. Tun da tikitinsu ɗaya ne, ya shafe su tare, washegari aka rantsar da Douye Diri na PDP. Duk wanda ya bar sana'arsa ya bi layi a rana saboda su, ƙuri'arsa ta bi ruwa. Saboda haka maganar takardun ɗan takara ba ta 'yan boko ce kaɗai ba, ta shafi guminka.

Amma fa a yi hattara, zargi daban, hukunci daban. A 1979 hukumar zaɓe ta FEDECO ta nemi hana Malam Aminu Kano da Dokta Nnamdi Azikiwe takara a kan maganar takardun haraji, suka je kotu, kotu ta ba su gaskiya, suka tsaya. Haka nan marigayi Muhammadu Buhari ya sha gardama a kan takardarsa ta sakandare tun zaɓen 2015. A 2019 Alhaji Atiku Abubakar da PDP suka kai maganar kotun sauraron ƙarar zaɓe, ranar 11 ga Satumba kotun ta ce ya cancanta, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da haka ranar 30 ga Oktoba. To, in wani ya kunna muku muryar da aka turo masa ta WhatsApp, ko ya ce ya gani a Facebook, ku tambaye shi: wa ya faɗa, da wace hujja, an kai kotu, kotu kuma me ta ce? In ba shi da amsa ko ɗaya, ku ajiye maganar a gefe kamar hatsin da ba a sheƙe ba.

Akwai kuma hanyar gani da ido. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta wajabta wa hukumar zaɓe ta liƙa bayanan kowane ɗan takara a mazaɓarsa cikin kwana 7 da karɓarsu. In kuka ji an liƙa, ku ɗauki wani ɗanku mai karatu ku je ya karanta muku. Ɗan takarar majalisa dai ɗan yankinku ne, akwai dattawan da suka ci sunansa, akwai waɗanda suka zauna aji ɗaya da shi. Shekarar haihuwa da sunan makaranta ba sa ɓuya a garinsu.

SHIRIN RIƘON JAMA'A

Yanzu sai tambayarka ta uku, wadda ta fi sauran nauyi. Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne, haka Shugaba Shehu Shagari, ba wanda ya riƙe digiri a cikinsu. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya hau a 2007, shi ne zaɓaɓɓen shugaba mai cikakken iko na farko da ya zo da digirin jami'a. Ba muna rena karatu ba ne, domin wanda zai sa hannu a kasafin kuɗi ya zama tilas ya fahimci abin da ke ciki, kada a riƙa juya shi. Sai dai takarda tana shaida cewa mutum ya zauna a aji ne, ba ta shaida yadda zai yi da dukiyar jama'a.

A nan, Malam, kai da abokan rumfarka kun fi mai digiri sanin hanya. In baƙo ya zo yana son ka ba shi buhu 20 na masara bashi, ba ka tambayarsa makarantar da ya yi. Tambaya kake yi wa ya taɓa ba shi, ya biya ko bai biya ba. Da wannan mudun za ka auna ɗan takara.

Na ɗaya, dubi inda ya taɓa riƙewa. In ya yi shugaban ƙaramar hukuma, ko kwamishina, ko gwamna, yaya aka raba taki a zamaninsa, ya iso hannun manomi kafin shuka ko sai da kaka ta yi? Malaman firamare sun sha albashi a kan kari? Rijiyar da aka yanke ƙyalle aka buɗe, tana ba da ruwa har yanzu? In kuwa ɗan kasuwa ne bai taɓa mulki ba, a tambayi yaransa na shago da leburorinsa da waɗanda suka yi hulɗar kuɗi da shi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Na biyu, dubi dukiyarsa. Doka ta wajabta wa mai muƙami ya bayyana abin da ya mallaka ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata sa'ad da zai kama aiki da sa'ad da zai sauka, amma ba ta tilasta masa ya shelanta wa jama'a ba. Duk da haka a watan Yuni na 2007 'Yar'aduwa ya buga nasa kowa ya gani, kimanin naira miliyan 856. Tun da wani ya taɓa yi, ba laifi ba ne ku tambayi mai neman ƙuri'arku ko shi ma zai yi. Yadda zai karɓi tambayar kaɗai ya isa ya nuna muku wani abu.

Na uku, saurari bakinsa. Wanda ya shirya, in ya ce zai yi hanya, zai faɗi daga ina zuwa ina, da inda kuɗin zai fito. Wanda bai shirya ba, kome aka tambaye shi sai ya koma zagin abokin takara. Ku lura kuma ko abin da ya faɗa a garinku shi ya faɗa a garin maƙwabta, da ko yana yarda ya zauna a yi masa tambayoyi a rediyo, ko kuwa kullum wakili yake turowa. Ku san aikin kujerar ma. Babban aikin ɗan majalisa yin doka ne, da amincewa da kasafi, da sa ido a kan masu kashe kuɗin. In ya yi muku alkawarin abin da gwamna kaɗai ke da ikon yi, ko dai bai san aikin ba, ko yana ganin ku ne ba ku sani ba.

Na huɗu, lafiyarsa. Cuta da ajali na Allah ne, ba a yi wa mutum gori da su. Amma tambaya cikin ladabi ba gori ba ce. A watan Maris na 2007, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, aka kai 'Yar'aduwa Jamus neman magani. A Nuwamba 2009 ya tafi asibiti a Saudiyya ba tare da an miƙa ragama ba, ƙasa ta zauna cikin ruɗani fiye da wata 2, sai a Fabrairu 2010 Majalisar Ƙasa ta ɗora Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi. Ranar 5 ga Mayu 2010 Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa. Darasin da ke ciki shi ne, in za ku zaɓi mutum ku dubi mataimakinsa da idon cewa wata rana shi ne zai iya zama a kujerar.

Na biyar, abin da ya miƙo muku. Kai ɗan kasuwa ne, ka san wanda ya zuba jari riba yake jira. Atamfa da sabulu da 'yan kuɗin ranar zaɓe ba sa kai mako, kujerar kuwa shekara 4 ce, kuma daga kuɗin takinku da maganin asibitinku za a fanshe.

Saboda haka in gardama ta sake tashi a rumfa, ka raba musu ita. Maganar takarda, a tambayi abin da doka ta ce da abin da kotu ta yanke. Maganar gaskiya, a gwada abin da ya rantse a kai da abin da mutanen garinsu suka sani. Maganar shiri kuwa, a bi sawunsa a duba. Kuma a yi gardamar cikin mutunci, domin bayan zaɓe 'yan takara suna haɗuwa a ɗaurin auren 'ya'yansu, ku kuma kasuwa ɗaya za ku ci gaba da ci.

Malam, da fatan ka gamsu. Sauran masu sauraro da wasiƙunsu ke hannunmu su ƙara haƙuri, layi zai zo kansu. Allah ya ba mu shugabanni nagari, ya sa albarka a noma da kasuwa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.